Sabuwar Salka a Fakon Shiru

Duk shekara idan bazara ta kai maƙura, wani birni yakan fito a arewacin ƙauyen Tsamiyar Kura. Da tsakar rana yake bayyana a bakin Fakon Shiru, da ganuwarsa fara fat, da dabinai, da tafkuna suna ƙyalli. Mutanen ƙauyen suna kiransa Birnin Kawalwalniya, kuma kowa ya san ba a shan ruwansa. Wanda ya sha zai manta gidansu ya bi birnin ya tafi.

A wannan shekarar Sahura matar Korau ta je itace da matan unguwa, gorarta ta faɗi ta fashe, rana kuma ta yi mata tsaka nesa da sauran. Matan sun ce da idonsu suka ga wata doguwar mace ta fito daga ƙofar birnin da ƙwarya a hannu, ta durƙusa ta miƙa mata yadda ake yi wa baƙo. Suka yi ta ƙwala mata kira ba ta ji ba. Ta sha, ta sauke itacenta, ta bi matar. Kafin su ƙarasa wurin birnin ya janye can cikin fako kamar an naɗe tabarma.

Korau bai tsaya karɓar jaje ba, ya wuce zauren kakansa Arzika, tsohon madugu wanda ya sha ratsa gefen fakon da fatake tun yana da haƙora.

"Ka zo ka faɗa mini ka yar da amaryata," in ji tsohon. "Da ma na ce a bar mini ita, aka ɗauka aka ba rago."

Da a wata rana ce da Korau ya rama, don ba ya raga wa tsohon. Yau sai ya zauna ya sunkuyar da kai. Arzika ya dube shi, ya gyara zama, ya faɗa masa abin da ya sani. Maganin ruwan birnin guda ne, a ba mutum ruwan randar uwar da ta haife shi. Birnin kuwa a tsakiyar fako yake zaune, abin da ake gani daga ƙauye inuwarsa ce ke zuwa yawo. Tafiya ce ta kwanaki da yawa a ƙafa, ba jaki ba raƙumi, don dabba ba ta yarda ta shiga. Kuma da zarar ruwan farko na damina ya taɓa ganuwar, birnin zai rufe, wanda ya kwana damina a ciki ya zama nasu har abada.

Kashegari Korau ya kawo kayan da ya haɗa, tsohon ya baje su a tabarma yana tsincewa da sanda. Ya ture tukunya, ya ture bargo na biyu, ya ture kilishi ya ce gishirinsa zai sa shi ya shanye guzurin ruwansa tun bai yi nisa ba. Da ya zo kan takobi sai ya yi dariya har da tari.

"Da wa za ka yi faɗa, da rana? Ƙarfe ba ya shiga ƙasarsu, ja'iri. Ajiye."

Abin da ya rage kaɗan ne: garin gero, dabino, tsamiya ta tsotsa, malfa, tsofaffin takalman fade waɗanda suka riga suka san ƙafarsa, igiya da ƙaramin guga, da goruna biyu na ruwan sha, babba da ƙarama. Ya ce masa ya tashi da asuba ya yi tafiya har hantsi ya ɗaga, sannan ya nemi inuwa ya lafe. Rana tsaka ta masu ƙasar ce, lokacin ne suke fatauci. Da la'asar sakaliya ya sake tashi har almuru, ya tsaya. Alwala kuwa ya manta da ita, ya yi taimama. Ya kwatanta masa inda zai sami ruwa, wata tsohuwar rijiyar fatake, sai wata kuka mai kogo can gaba. Bayan kukar babu komai sai birni.

Daga ƙarshe ya sa aka ciro masa wata salka daga rufin ɗaki, baƙa ƙirin, duk faci, tana warin man shanu. Ya ce a cikinta za a ɗauki ruwan randar, don ta tsufa ta toshe, ko ɗigo ba ta zubarwa.

Da asubar tafiya Korau ya je gidan surukarsa Inna Tabawa, ya cire takalmi tun daga soro, ya durƙusa a bakin ƙofa. Tsohuwar ta rame, idanunta sun kumbura. Ta karɓi baƙar salkar ta shinshina, ta ce wannan ƙazamar aba ba za ta ɗauki ruwan da 'yarta za ta sha ba. Ta rataye ta a bayan ƙyaure, ta ɗauko wata sabuwa ja jawur mai tuntaye. Akuyarta guda ɗaya tilo ta sa aka yanka, majemi ya jeme fatar cikin gaggawa, ita kuma ta ɗinke da hannunta. Ta cika ta daga randa tana addu'a, ta ɗaure bakin, ta miƙo da hannu biyu.

Korau ya san sabuwar salka sai an jiƙa ta an shanya an shafe da mai kafin a amince mata. Maganar ta zo masa har baki. Amma tun da ya auri Sahura bai taɓa ɗaga ido ya dubi matar nan ba, balle ya ce mata ba haka ba, balle kuma ya miƙa hannu bayan ƙyaurenta. Ya karɓa ya ce Allah ya saka da alheri. Bai koma zauren kakansa ba don ya san abin da zai ji, sai ya biya ta ɗakinsa ya ɗauki takobin da aka hana shi, ya rataya salkar a baya, ya nufi arewa.

Fakon Shiru sunansa ne ya bi shi. Ba tsuntsu, ba ƙuda, ko takun ƙafarsa ba ya ji. Ƙasar fara ce a daskare, ga wasu duwatsu tsaye kamar mutane, in ya wuce su ya waiwaya sai ya ga sun juyo suna kallonsa. Ya bi tsarin tsohon sau da ƙafa. In hantsi ya ɗaga sai ya kafa sanda ya yafa bargo ya shige ƙarƙashi, ya ji ƙararrawar raƙuma da hayaniyar ciniki suna wucewa ta gefensa, bai taɓa leƙawa ba. Ruwa kuwa maƙwarwa yake yi, ya bar ta a baki ta daɗe kafin ya haɗiye.

Ya sami rijiyar fatake yadda aka kwatanta. Da ya zura guga sai ya ji wani hannu daga ƙasa ya karɓa ya cika ya girgiza igiya, kamar mai cewa ja. Ya ja, ya yi godiya a bakin rijiyar, ya cika gorunansa, ya ci gaba da ƙarfin gwiwa.

Bayan rijiyar ne ya lura kafaɗarsa ta daina ciwo. Da farko ya ɗauka sabo ne. Da ya tsaya hutun rana ya sauke salkar sai ya ga ta yamutse, cikinta ya lotsa. Ya shafa bayan rigarsa. Jiƙewar da ya daɗe yana ɗauka gumi ce, ashe salkar ce ke naso ta kowace kafa ta allura. Ya zauna ya riƙe ta a cinya kamar mara lafiya. Ba ya iya jin haushin Inna Tabawa, duk ɗinkin nan da hawaye ta yi shi. Kansa ya tsine wa. Sannan ya kafa kai ya shanye ruwan ƙaramar gora har cikinsa ya yi ƙwal, ya juye ragowar ruwan randar a ciki, ya toshe da tsumma. Bai ko cika ta ba. Daga ranar ruwan shansa ya koma gora ɗaya.

Kafin ya kai kukar, gorar ta yi kwana biyu a bushe, harshensa ya yi kauri. Kukar kuwa girmanta ya kai unguwa, a gindinta akwai ƙofa, a bakin ƙofar wata tsohuwa tana kaɗi, gashinta ya sauka ya shiga ƙasa ya zama saiwa. Korau ya tsaya daga nesa ya yi sallama ya durƙusa.

"Amin wa alaika, ɗan Adam mai busasshen baki," in ji ta. "Mun ji zuwanka tun kana bayan duwatsu. Ruwan da ke cikin gidana na sama ne, ajiya kawai aka ba ni, wanda ya sha ba ya manta kowa. Amma a nan ba a kyauta kuma ba a sayarwa. Ruwa da ruwa ake musaya."

"Ranki ya daɗe, uwar daji, gorata ta sha babu komai a cikinta."

"Ba ita nake nufi ba. Ƙaramar nan ta hammatarka. Ina jin ƙanshin yumɓu da hayaƙin murhu daga nan. Rabona da ruwan randa tun kukar nan tana tsiro."

Ya faɗa mata na wane ne da abin da ya sa ya ɗauko shi. Ta saurara har ya gama, ta ce ta ji tausayinsa, amma doka ba ita ta kafa ba, ludayi ɗaya za ta ɗiba. Ta jawo ludayin, Korau ya ga ya fi ƙwaryar fura girma. Ya ce a garinsu mai kaya ne ke awo, ya roƙi ta yarda da tafin hannunsa. Tsohuwar ta yi dariya har 'ya'yan kuka suka zubo, ta ce tafi biyu. Ya ce ɗaya, ranki ya daɗe, maganar matar mutum ce. Suka tsaya a kan ɗaya cikakke. Ya tsiyaya yana kallon kowane ɗigo, ta sunkuyo ta zuƙe, ta lumshe ido. Sannan ta bar shi ya sha ya ƙoshi ya cika gorarsa, ta kuma gaya masa ya dubi gabas.

Ya duba. Can ƙasan sama wani baƙin layi ya kwanta. Hadari ya fara haɗuwa.

Korau ya auna tafiyar da ta rage da tsarin kakansa, ya ga ba za ta kai shi ba. Kashegari da hantsi ya ɗaga bai kafa sanda ba, ya ja malfa ya ci gaba. Ya yi haka rana ɗaya lafiya, sai dai ruwan gorar ya tafi ninki biyu. A rana ta biyu inuwarsa na shigewa ƙarƙashin ƙafarsa ƙasa ta fara rawa, ayari ya fito daga cikin zafin. Raƙuman dogaye ne har ba a ganin kawunansu, kayan da ke bayansu kuwa guguwa ce an ɗaure a buhuna tana motsi. Masu jan su ba su da fuska sai rawani. Suka kewaye shi, madugunsu ya sunkuyo daga sama.

"Wane ne wannan da ya taka hanyarmu a lokacinmu, kuma da ƙarfe a kafaɗa? Raƙumanmu sun ƙi wucewa saboda warinsa."

Korau dai jikan madugu ne. Ya gaishe su gaisuwar fatake, ya tambayi hanya, ya tambayi dabbobi, ya tambayi kasuwa, bai tsallake ko ɗaya ba. Madugun ya amsa ɗaya bayan ɗaya, muryarsa tana sauka.

"An koya maka gaisuwa," ya ce. "Ba a koya maka lokaci ba?"

"An koya mini, ranka ya daɗe. Hadari ne ya kore ni. Iyalina tana birni, in ruwa ya riga ni na rasa ta."

Madugun ya ce su ma matafiya ne, sun san abin da ake ji in an bar wani a baya. Laifin hanya sun yafe, amma ƙarfen sai ya tafi. Korau ya cire takobin ya haƙa rami ya binne, yana jin dariyar kakansa a kunne. Aka ce ya kama jelar raƙumin ƙarshe ya rufe ido. Iska mai zafi ta ɗauke shi, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, har sai da aka ce ya saki. Ya buɗe ido ya gan shi a kan tudu, la'asar ta yi, ga ganuwar birnin fara a gabansa. Madugun ya ce ƙofa ba ta buɗewa sai rana tsaka, suka wuce. Da Korau ya girgiza babbar gorarsa sai ya ji zafin tafiyar ya ƙafar da ita ƙaf.

Kafin alfijir ya farka ya tarar da hannunsa a kan tsumman ƙaramar gora, ya riga ya fara murɗawa. Tsoron kansa ya kama shi. Ruwan da ke ciki bai wuce maƙwarwa uku ba, kuma ya san in rana ta fito ba zai iya da hannun nan ba. Sai ya fuskanci alƙibla ya ɗaura niyyar azumi, don abin da zai iya yi wa matarsa ba zai iya yi wa Allah ba.

Rana na tsayawa ƙofa ta buɗe. Doguwar macen da aka kwatanta masa ta fito da ƙwarya, ruwa a ciki garai-garai, sanyinsa har yana dukan fuska. Ita ce Magajiyar birnin. Ta durƙusa ta miƙa.

"Maraba da baƙo. A birnin nan ba a tambayar mutum sunansa sai ya sha ruwa. Wanda kuma ya mayar da ƙwaryarmu ya zage mu, a bakin ƙofa yake daskarewa. Ka wuce 'yan uwansa a hanya."

Korau ya tuna duwatsun da ke juyowa. Ya dubi ruwan, maƙogwaronsa ya motsa da kansa.

"Allah ya ja zamaninki, ban mayar da ƙwaryarki ba. Azumi nake yi."

Magajiya ta matso ta shinshini bakinsa, don a ƙasarsu ƙarya tana da wari. Ta ja da baya ta ce gaskiya ya faɗa, mai azumi ba a tilasta shi. Amma baƙo mai azumi a gidan da rana ta faɗi masa yake buɗa baki. Ya shiga ya yi abin da ya kawo shi, ƙwarya tana jiransa.

Ya shiga da sauri. Lunguna suna sauya wuri, kasuwa ana sayar da inuwa a faifai, ruwa yana gudu ta kowace kwata yana kiran sunansa. Ya bi gida gida yana sallama, rana tana gangarawa, gabas tana ƙara baƙi. Sai da la'asar ta yi sanyi ya same ta a bakin wani tafki cikin mata, tana tankaɗe wani gari mai haske. Ta yi ƙiba, ta yi kyau, an yi mata kitson da bai taɓa gani ba. Ya kira sunanta, ta ja mayafi ta kau da kai. Ya miƙa gorar ya ce ta sha, ta ce ita ba ta karɓar abu a hannun namijin da ba ta sani ba, ya matsa ko ta kira masu gari. Ko a can ɗin halinta yana nan.

Korau ya tsuguna. Ya ga in ya matsa mata gorar za ta iya zubewa. Sai ya sassauta murya kamar mai roƙo a ƙofar gida.

"Baiwar Allah, taimako za ki yi mini. Azumi nake, wannan ne ruwan buɗa bakina, ya daɗe a hanya. Ɗanɗana mini ki ji ko ya lalace."

Ta dubi leɓɓansa da suka tsage, tausayi ya kama ta. Ta karɓa ta juya baya ta kai baki. Ta yamutsa fuska.

"Bauri ne da shi, duk bagaruwa," ta ce. Sai ta tsaya. Ta sake taɓa harshenta. "Wannan ai ruwan randar Inna ne. Wane mara kai ne ya zuba shi a sabuwar salka?"

Ta juyo ta dube shi, faifan ya faɗi daga cinyarta.

"Maigida. Me ya same ka haka?"

Ya nuna mata rana. Ta kama hannunsa, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba, ta ja shi. Ita ta san lungunan. Suka iso ƙofa rana ta yi ja tana shirin taɓa ƙasa, Magajiya na tsaye da ƙwaryarta. Ba ta tare su ba. Ta ce ita mace mai ƙishirwa ta gani ta ba ruwa, ba ta saci kowa ba, kuma har yanzu rana ba ta faɗi ba. Ta dubi Sahura ta ce za a yi kewar hannunta a tankaɗe. Sahura ta rusuna ta yi mata godiyar riƙo, suka fita.

Suna hawa tudu rana ta faɗi. Da suka waiwaya babu ganuwa babu dabinai, sai fako da iska mai sanyi tana tasowa daga gabas da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ruwan yana tafe, amma bai iso ba, Korau kuwa ya zube a kan gwiwa, idonsa yana rufewa. Ya laluba jakarsa ya ciro dabino ɗaya, ya kasa haɗiyewa.

Sahura ta durƙusa a gabansa ta ciro ƙaramar gorar daga cikin zanenta ta cire tsumman. Ya ji motsin ruwa a ciki, ya dube ta.

"Cewa ka yi in ɗanɗana," ta ce. "Ba ka ce in shanye ba. Yi bisimilla."